Ruwa Nawa Ya Rage a Tanki?

A Daurawa, kamar sauran unguwannin Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, da wuya ka ɗaga kai ba ka ga tankin roba a kan ƙarfe ba. Ruwan famfo na Tamburawa da Challawa ba kullum yake isowa ba, shi ya sa gidaje suka dogara da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa.

Matsalar ita ce baƙin tanki ba ya nuna cikinsa. Yawanci sai famfo ya fara tari ake sanin ruwa ya ƙare, lokacin kuma babu wuta.

Ni dabarata ta la'asar ce. Idan rana ta gasa tankin, sai in shafa jikinsa daga sama zuwa ƙasa. Inda zafi ya yanke, sanyi ya fara, nan ruwa ya tsaya. Ƙwanƙwasawa ma tana yi, amma tana son kunnen da ya saba. Wanda ya fi su duka shi ne siririn tiyo mai haske da mai gyaran famfo zai haɗa a gindin tankin, ya miƙe shi sama: inda ruwa ya kai a tiyon, nan yake a ciki. Sai dai rana kan sa ya yi gansakuka, dole a riƙa canzawa.

Lissafin ma da sauƙi. Tankin lita 2,000 jarka 80 ne masu lita 25. In ya sauka rabi ranar wanki, gara a kira mai kura tun da safe, kafin layi ya yi tsawo.