Tangyuan: Kayan Zaƙin Sinawa da Muka Gyara da Gujiya da Sobolo

Yanzu da yaranmu ke zuwa karatu ƙasar Sin, 'yan kasuwarmu kuma ke sintiri Guangzhou, abincin can ya fara shigowa zango. Ɗaya daga ciki shi ne tangyuan, wasu 'yan dunƙule masu kama da fura, sai dai na shinkafa ne.

Sinawa na cin sa a Bikin Fitilu, ranar 15 ga watan farko na kalandarsu, daren da wata ke cika kuma ake rufe shagulgulan sabuwar shekara. Sunansa na kama da kalmarsu ta haɗuwar dangi, shi ya sa iyali ke zama tare su ci.

Ga inda ya kamata mu kula: a girkin asali, da kitsen alade ake kwaɓa baƙin riɗin da ake cusawa ciki. Don haka kafin ku sayi na leda, ku karanta abin da aka rubuta a jiki. Mu dai mun ga ya fi mu yi namu a gida.

Garin shinkafa mai danƙo ake nema, wanda ake samu a shagunan Sinawa a Accra. Garin shinkafar tuwo ba zai yi ba, don ba ya da wannan danƙon, dunƙulen zai farfashe. Kofi 1 na gari, kusan rabin kofi na ruwan ɗumi. Mu ruwan sobolo muke zubawa maimakon ruwa, sai ƙullun ya fito da launi mai kyau.

Na ciki kuwa, soyayyar gujiya muke dakawa da sikari da man shanu, mu mulmula ƙanana, mu sa a firij su daskare. In ba su daskare ba, rufe su sai ya gagara. Sai a faɗaɗa ƙullu a tafin hannu, a sa gujiyar, a rufe, a mulmula. A jefa cikin tafasasshen ruwa. In sun taso sama, a ƙara minti 2. A ci da ruwan citta mai sikari.

Iyaye mata, a yanka wa ƙananan yara da tsofaffi kafin a ba su, domin danƙonsa na iya shaƙe mutum. Allah Ya sa mana albarka a abincinmu.