Ledar ɗaki: a duba daɓe kafin a shimfiɗa

A Gaya, da wuya a yi jeren amarya ba a sayi ledar ɗaki ba. Wasu na sayen ta a kasuwar gari, wasu su ƙetare kogin Isa zuwa Malanbil, wasu kuma su nufi Kamba ta Najeriya. Amma sau da yawa muna ganin leda ta yage ko ta yi wari tun damana ɗaya ba ta wuce ba. Sai a ce ɗan kasuwa ya yi ha'inci. Mu kuwa muna ganin laifin ya fi yawa a ƙarƙashin ledar.

Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Walton, shi ya ƙirƙiro leda ta asali wajen shekarar 1860. Da man tsirrai da garin itace ake yin ta. Mafi yawan wadda ke kasuwanninmu yau roba ce, kuma roba ba ta barin danshi ya fita.

Nan matsalarmu take. Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Ga kogi, ga fadama. Ƙasa na riƙe ruwa, ruwan na hawowa ta cikin daɓe. In leda ta rufe shi, sai fumfuna ta tsiro, ɗaki ya yi wari. Wannan wari na tada tari, ya wahalar da mai asma. Kyankyaso da kunama kuma su sami maɓoya.

Saboda haka daɓe ne farkon aiki. Ƙasan ɗaki ya ɗara tsakar gida tudu, ko da taƙi ɗaya ne. A zuba tsakuwa, a daddaka ta sosai. A shimfiɗa baƙar leda mai kauri a kanta kafin a zuba siminti, don ta tare danshi. Wajen shafe na sama, awo ɗaya na siminti, awo uku na yashi mai tsabta. A riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Siminti ba ya gama ƙarfi sai ya kwana 28. Mun san ranar biki ba ta jira, amma gara amarya ta tare a kan tabarma da a rufe ɗanyen siminti.

Ga gwaji mai sauƙi. A ɗora guntuwar leda a ƙasa, a danne gefenta da dutse, a bar ta ta kwana. In an ga gumi a ƙarƙashinta da safe, daɓe bai bushe ba.

Wanda ba shi da kuɗin siminti, ya yi daɓe irin na kakanni, da madaɓi da ruwan makuba. Abin nema shi ne ƙasa ta yi tauri, ta daina ƙura. Yaro mai rarrafe yana kai hannu baki. A ƙasar Meziko, tun daga shekarar 2000 gwamnati ta yi wa gidajen talakawa daɓen siminti. Bincike ya nuna zawo ya ragu da kusan rabi ga ƙananan yaran gidajen da aka daɓe duka.

Ranar shimfiɗa, a share tas. Tsakuwa ɗaya ta isa ta huda leda. A warware ta, a bar ta ta kwana ta miƙe, sannan a yanka da reza daidai bango. A sa katako ko kwali ƙarƙashin ƙafafun gado.

Kula da ita ba wuya. Shara kullum da tsintsiya mai laushi. Guga da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan. Kada a kwarara ruwa, don yana shiga ta gefe. Kada a goge da kananzir. Mata, a yi hattara da kaskon turaren wuta, a aza shi kan faranti ko bulo. Manoma kuma, buhun gero ko na shinkafa a ɗora shi kan katako, nesa da bango.

In damana ta wuce, a ɗaga leda, a shanya ta a inuwa, a bar ƙasa ta sha iska kwana biyu. Wadda ta mutu kuwa, kada a hura wuta da ita, domin hayaƙinta guba ne.