Karatun Takardar Bugun Zuciya a Ɗakin Taimakon Gaggawa

A ƙaddara an ɗauko wata mai jego daga Gurbin Bore, aka bi da ita ta Zurmi da Ƙauran Namoda har asibitin Gusau, ƙafafunta sun kumbura, numfashinta na sarƙewa. Ungozoma ko malamin asibitin ƙauye zai iya dafa jijiyar hannunta ya ce zuciyarta na gudu. Amma yatsa ba ya faɗin dalilin gudun, alhali kuwa magani ya rataya ne ga dalili. Nan ne ake bukatar siririyar takardar da na'urar auna bugun zuciya ke fitarwa, wadda ma'aikata ke kira ECG.

Irin wannan mara lafiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun wallafa bincikensu kan mata 224 da ciwon zuciya ya kama bayan haihuwa a Zariya, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya bisa gadon ƙasa mai zafi.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu sama, biyu ƙasa, kuma ɗan lantarkin da take haifarwa da kanta shi ke sa su matsewa bi da bi. Willem Einthoven na Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, wanda ya sami lambar Nobel a 1924 saboda wannan aiki, shi ya raɗa wa lanƙwashe-lanƙwashen zanen haruffan P, Q, R, S, T. To, kamar yadda almajiri kan soma da babbaƙu kafin farfaru, haka mai karatun wannan takarda. Ɗan tudun P alamar ɗakunan sama ne. Tsinin QRS na ɗakunan ƙasa ne, masu tura jini cikin jiki, sannan T ya nuna sun koma shirin bugu na gaba.

Takardar kanta a zane take gida-gida, tana tafiyar milimita 25 a daƙiƙa, watau manyan gidaje 300 a minti guda. Saboda haka in bugun a daidaice yake, sai a ƙirga manyan gidajen da ke tsakanin tsini da tsini, a raba 300 da su. Gida huɗu ya ba da bugu 75, gida biyu 150. Baligi mai hutawa yakan tsaya tsakanin 60 da 100.

Sai a komo kan mai jegon nan. In an ga bugu 120, kowane tsini siriri da P a gabansa, to tsarin lantarkin zuciyar lafiya lau yake, wani abu ne ke korar ta: zubar jini, ko zazzaɓi, ko raunin tsokar zuciyar ita kanta, wanda sai hoton zuciya ke tabbatar da shi. Kashe wannan gudu da magani ba tare da neman sanadinsa ba kuskure ne babba, don da gudun take riƙe da rai. In kuwa P ya ɓace, tazarar tsinaye ta zama babu tsari, ɗakunan sama ne ke karkarwa, jini na iya daskarewa a cikinsu har gudansa ya haura ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya fi tsoratarwa shi ne tsinaye masu faɗi, da sauri, a jere, domin daga ɗakunan ƙasa gudun ya taso.

Idan mara lafiya ya faɗi babu bugu, zanen ne ke raba gardama. In ya zama kamar tafiyar tsutsa, ba tsini ba tudu, ɗakunan ƙasa ne ke karkarwa, a gaggauta jona masa lantarki a ƙirji. In layi ne miƙaƙƙe, lantarki ba ya amfani, duk da abin da finafinai ke nunawa. Sai danna ƙirji da allurar adirenalin.

Takardar ma takan yi ƙarya. Waya guda ta saki, ko rawar ɗari ta kama mai masassara, sai zane ya rikice kamar mutuwa ta zo, ga mai shi kuwa yana tambayar ruwan sha. Shi ya sa ake horon ma'aikaci ya dubi fuskar mara lafiya, ya taɓa jijiyar wuyansa, kafin ya miƙa hannu ga na'urar jona lantarki.