Ƙarfin Tsufa Tun Da Ƙuruciya Ake Tara Shi

Ya ke uwargida, da ke 'yar makaranta, ku saurara. Iyayenmu na Anka da Gummi da Bukkuyum taɓarya da guga suka gina musu jiki. Yau kuwa inji ya karɓe niƙa a gidaje da yawa. Hutu ne, amma damtsen da ba ya aiki ramewa yake yi, ƙashi kuma rauni yake yi bayan haila ta ɗauke.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su riƙa aikin ƙarfafa jiki aƙalla kwana 2 a mako.

To, ga mafari. Cika gora 2 masu cin lita 1 da ruwa, kowace kilo 1 ke nan. Ɗaga su sama a hankali sau 10, ki huta, ki maimaita. Sa'an nan zauna bisa kujera ki miƙe sau 10. In abin ya yi sauƙi, ƙara nauyi kaɗan.

Kada ki ɗauko dutse ko ƙasa daga wurin haƙar zinariya don wannan aiki. Gubar dalmar cikinsu ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Mai ciki da mai hawan jini su fara tambaya a asibiti.

Ki dai daure, sannu ba ta hana zuwa.