Kujera Ta Girmi Mai Zama a Kanta

Ranar 6 ga Janairun 1961, Richard Nixon ya jagoranci zaman majalisar dokokin Amurka inda aka ƙirga ƙuri'un wakilan jihohi. Doka ce ta ɗora masa aikin, domin shi ne Mataimakin Shugaban Ƙasa. Sai dai shi ma ya tsaya takarar, kuma John Kennedy ya kayar da shi da tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Wasu 'yan jam'iyyarsa ta Republican suna ta zargin maguɗi a jihohin Illinois da Texas. Duk da haka, da bakinsa Nixon ya sanar cewa abokin karawarsa ne ya ci.

Me zai sa mutum ya haɗiye wannan ɗaci? Bari mu duba amsar masu ra'ayin mazan jiya, wato masu ganin cewa tsarin da aka gada ba abin rushewa ba ne da garaje. Babban malaminsu, Edmund Burke, ɗan majalisar Birtaniya a ƙarni na 18, ya ɗauki ƙasa a matsayin amana tsakanin waɗanda suka rasu, da masu rai, da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ke nan shugaba aron kujera aka ba shi. Idan ya ƙi tashi bayan wa'adinsa, ba abokin hamayyarsa kaɗai ya cuta ba, har da jikokinsa.

To, wanda ya faɗi sai ya naɗe hannu? A'a. Nan ne adawa mai biyayya take shigowa. A Birtaniya aka raɗa mata suna, inda babbar jam'iyyar da ba ta mulki ake kiranta 'yan adawar Mai Martaba Sarki, kuma tun 1937 gwamnati take biyan jagoranta albashi. Aikinsa ya tona kurakuran masu mulki, ya kuma nuna wa jama'a wata hanya. Gwamnati yake ja da ita, ba ƙasa ba. Ya san gobe ma rana ce. Nixon kansa ya dawo ya ci zaɓen 1968.

Wannan aƙida ta sha gwaji mai tsanani shekara 60 cif bayan ranar Nixon. A 6 ga Janairun 2021, Shugaba Donald Trump ya matsa wa mataimakinsa, Mike Pence, lamba kada ya amince da nasarar Joe Biden. Magoya bayan Trump suka kutsa ginin majalisa, aka dakatar da zama. Pence, wanda riƙaƙƙen ɗan mazan jiya ne, ya ce tsarin mulki bai ba shi ikon watsar da ƙuri'u ba. Majalisa ta koma zama cikin dare, kafin wayewar gari aka tabbatar da Biden. Har yau wasu 'yan jam'iyyarsa ba su yafe masa ba, wasu kuwa na ganin shi ne ya riƙe gaskiyar aƙidar.

Mu ma mun ga irin wannan a gida. A 2015, Shugaba Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya ya taya shi murna tun ba a kammala sanar da sakamako ba, ya kuma miƙa masa mulki ranar 29 ga Mayu. Mutane da yawa da suka kwana cikin fargaba sun samu barci.

Ƙannenmu, nan da 'yan shekaru katin zaɓe zai shigo hannunku. Kafin nan, akwai zaɓen shugabannin ƙungiyoyin makaranta da gasar muhawara. Idan ɗan takararmu ya faɗi, mu taya mai nasara murna, mu sa masa ido, mu gaya masa gaskiya in ya kauce, sannan mu shirya wa zagaye na gaba.