Yadda Ake Gano Dalilin Raguwar Ƙarfin Tsohon Injin Jirgin Ruwa

Gabatarwa

Tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, tafkin ya zama wurin neman abinci ga dubban masunta da masu fito, daga Yauri har zuwa Sabuwar Busa. Haka abin yake a tafkunan Jebba da Shiroro. Injinan da aka fi ratayawa a bayan jirage a waɗannan wurare su ne irin waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, masu ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40, kamar ƙirar Yamaha da Suzuki. Da yawa daga cikinsu sun daɗe suna aiki, wasu ma na hannu aka saye su.

Kukan da malaman gona suka saba ji daga masu irin waɗannan injina shi ne: injin yana tashi, amma ba ya ja kamar da. Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Injin da ya rasa ƙarfi yana shan mai fiye da kima, ga shi fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a shekarar 2023. Kifi yakan lalace kafin a isa kasuwa. Mafi muni kuma, idan iska ta taso a tsakiyar ruwa, jirgin ba zai iya fuskantar igiyar ruwa ba.

Sau da yawa dalilin ƙarami ne, kuma mai jirgi zai iya gano shi da kansa. Abin da ake bukata shi ne a bi bincike daki-daki, a fara da abin da ba ya cin kuɗi, kafin a yarda a kwance injin.

Mataki na farko: a saurari kukan injin

A fita da jirgin cikin ruwa mai zurfi da kayan da ya saba ɗauka, a murɗa totur har ƙarshe, a saurara. Za a ji ɗayan abu biyu:

1. Injin yana kuka sosai, har ya wuce yadda aka saba, amma jirgin ba ya gudu. A nan injin lafiya yake. Matsalar tana wajen farfela ko yadda aka rataya injin.

2. Injin ba ya kai kukansa na da, ko yana shaƙewa, ko yana tsinkewa. A nan sai a fara duba nauyin jirgi da abin da ya naɗe farfela, sa'an nan mai, da wuta, da ruwan sanyaya injin, da matsin silinda, bi da bi.

Jirgi da farfela

A kashe injin, a ɗaga ƙafarsa daga ruwa, a duba waɗannan:

1. Ciyawar ruwa, kamar burugu da kainuwa, ko leda, ko guntun kalli da ya naɗe farfela. Zaren kamun kifi yakan shige bayan farfela ya yanke robar da ke tsare man giya, don haka a riƙa cire farfela lokaci-lokaci ana dubawa.

2. Fiffiken farfela da ya lanƙwashe, ko ya karye, ko yashi ya cinye. Wannan ya fi faruwa lokacin da ruwan tafki ya ja baya, kututturan itatuwan da ruwa ya rufe suka matso sama.

3. Robar da ke tsakiyar farfela. Idan ta saki, sandar tana juyawa amma farfela tana zamewa. Domin tabbatarwa, a ja layi ɗaya da fenti daga tsakiyar farfela zuwa jikinta, a yi ɗan gudu, a sake dubawa. In layin ya rabu biyu, robar ta mutu, sai a sauya farfela.

4. Tsawon ratayi. Faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi, ko ya ɗan yi ƙasa da shi da kamar santimita 2. In ya yi sama, farfela tana kamo iska. In ya nutse da yawa, ruwa yana riƙe shi.

5. Jirgin kansa. Katakon da ya sha ruwa, da gansakuka a ƙasan jirgi, da ruwan da ba a kwashe ba, da lodin da ya wuce kima, duk suna cinye ƙarfin injin.

Mai

A nan ne aka fi samun matsala a tsofaffin injina.

1. Murfin tanki yana da ɗan ƙaramin noti na shan iska. In an manta ba a sassauta shi ba, injin zai yi gudu na 'yan mintoci sa'an nan ya fara shaƙewa.

2. A zuba fetur kaɗan daga ƙasan tanki a cikin farar kwalba, a ajiye ta. In akwai ruwa, zai kwanta a ƙasa. Fetur mai ruwa, ko wanda aka gauraya da kananzir, ko wanda ya yi watanni a jarka, a juye shi, a wanke tankin.

3. A bi tiyon mai daga tanki har injin, a nemi tsagewa ko lanƙwasa. Ƙwallon robar da ake matsawa ya kamata ya yi tauri bayan an matsa shi sau da dama.

4. Yayin da injin ke shaƙewa, a riƙa matsa ƙwallon. In ƙarfi ya dawo, to famfon man injin ya gaji, ko tiyo yana shan iska.

5. In wannan bai yi ba, a ɗan ja cok kaɗan. In injin ya farfaɗo, mai ne ba ya isarsa, watau datti ya toshe matatar mai ko ƙananan hudojin kafireta. A wanke su da fetur mai tsabta, a hura iska. Kada a tsokane su da waya ko allura, domin hudar tana faɗaɗa, injin ya koma shan mai.

Kada a ci gaba da aiki da injin da mai ba ya isarsa. Tun da baƙin man yana cikin fetur ne, ƙarancin fetur ƙarancin baƙin mai ne, kuma fistin zai iya kamawa.

Gwargwadon gauraya

Mafi yawan waɗannan injina suna bukatar kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur. Ma'ana, mililita 200 a cikin lita 10, ko rabin lita a cikin tanki mai lita 25. A duba littafin injin ko rubutun da ke jikinsa, domin wasu sun bambanta. A yi amfani da man da aka yi domin injin jirgin ruwa, wanda aka rubuta TC-W3 a jikin galan ɗinsa. Man mota ba ya ƙonewa sarai, yana barin gawayi. In baƙin mai ya yi yawa, hayaƙi zai yawaita, gawayi ya toshe fulogi da hanyar hayaƙi. In ya yi kaɗan, injin zai ci kansa. A auna da gwangwani mai alama, kada a zuba da ka.

Wuta

Injin mai silinda biyu yana iya tashi da guda ɗaya, har ya yi tafiya, sai dai ba ƙarfi, kuma yana karkarwa. A kwance fulogi duka biyu a kwatanta su:

1. Ruwan ƙasa-ƙasa kuma busasshe: wannan silinda tana aiki daidai.
2. Baƙi mai maiƙo: baƙin mai ya yi yawa, ko wuta ba ta da ƙarfi.
3. Fari fat: mai ba ya isa, ko injin yana zafi.
4. Wankakke tas da ɗigon ruwa: ruwa yana shiga silinda, mai yiwuwa gaskit ya ƙone.

Domin gwada wuta, a mayar da fulogi cikin hularsa, a jingina shi da ƙarfen injin nesa da fetur, a ja igiya. Wuta mai kyau shuɗiya ce mai ƙara. In ja ce mai rauni, ko babu ita, a gwada sabon fulogi mai lamba iri ɗaya da wadda kamfani ya ƙayyade. In har yanzu babu, a duba waya da hula da kwayil. Injin da ke aiki lafiya da sanyi, amma ya rasa ƙarfi bayan ya ɗauki zafi, sau da yawa kwayil ne ya fara mutuwa.

Ruwan sanyaya injin

Duk lokacin da injin ke aiki, dole ne a ga siririn ruwa yana tsartuwa daga bayansa. In ya ragu ko ya tsaya, a kashe injin nan take. A share ragar da ke shan ruwa a ƙafar injin, a kuma zura tsinke a hudar fitar ruwan, domin zanzaro yakan toshe ta da laka in injin ya daɗe a ajiye. In ruwa bai dawo ba, robar famfon ruwa ta cinye. Ruwan damina mai laka da yashi, wanda ake kira farin ruwa a Kainji, yana saurin cinye ta, don haka a sauya ta aƙalla sau ɗaya a shekara. Kada a taɓa tayar da injin a tudu ba ruwa, ko da na ɗan lokaci ne, domin robar tana ƙonewa.

Man giya

A kwance notin ƙasa na ƙafar injin a ga launin man. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. In akwai ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran giya suna cin juna. A sauya man giya mai lamba 90 bayan kowane awa 100 na aiki ko wata 6.

Matsin silinda

Sai an gama duk waɗannan ne za a zargi cikin injin. Alamarsa ita ce igiya ta yi sauƙin ja fiye da da, injin kuma yana wuyar tashi. A kai wa makaniken da ke da agogon auna matsi, a auna silinda biyun a gaban mai injin. In bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 15 cikin 100, to ringi ya cinye ko ya manne da gawayi, ko jikin silinda ya karce, ko gaskit ya ƙone. A nan ne kwance injin ya zama dole. Kafin a mayar da shi ruwa, a nemo abin da ya jawo lalacewar, in ba haka ba sabon fistin ma zai bi tsohon.

Shawara ga malaman gona

Ya kamata malamin gona ya nuna waɗannan gwaje-gwaje a bakin ruwa, da injin ɗaya daga cikin masunta, tare da haɗin kan Sarkin Ruwa da shugabannin masu fito. A ƙarfafa wa kowane mai jirgi ya riƙa tafiya da sifanar fulogi, da sabon fulogi biyu, da filaya, da igiyar tayarwa, da filafili, da rigar kariya ga kowane mutum. A kuma koya musu sauya abu ɗaya a lokaci guda, a gwada, kafin a taɓa na gaba, domin a san ainihin abin da ya gyaru.

Kammalawa

Tsufa kaɗai ba ya hana injin ja. Tsabtataccen mai, da gauraya bisa awo, da duba farfela da ruwan sanyaya injin kowace safiya, su ne ke tsawaita kwanansa. Injin da aka ga ƙarfinsa ya ragu, kada a ɗauki fasinja da shi, kada a tsallaka tafki da shi, sai an gano dalili an gyara. Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona ko jami'in kula da harkokin kamun kifi mafi kusa.