Malami, ma'ajin littafi, ɗan kwamfuta

A ƙauyukan Bichi da Dambatta, akwai gidajen malamai da ke ajiye da littattafan kakanni, rubutun hannu, cikin gafaka. Gara da damina kuwa ba sa jira.

Ceto su sai mai sana'a uku: ya san fiƙihu da tauhidi har ya gane littafin da bangonsa ya ɓace, ya iya tsara kundin laburare, ya kuma iya ɗaukar hoton kowace warƙa ya adana a kwamfuta. Irin wannan aikin tsara kundi aka yi wa littattafan Malam Umaru Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962. Sama da 3,000 ne, amma suna Jami'ar Northwestern, can Amurka.

Jami'ar Bayero na koyar da fannonin uku. Magada, kafin ku raba littattafai, a ɗauki hotonsu.